Romon Kifin Tururuwa

Tsutsa ta faɗa wa masarar Kaka Nasibeko, masarar da za mu ci har shekara ta zagayo. Kaka ba ta yarda da feshi ba. Sai ta dafa usipa, ƙananan kifin da muke miya da su, ta bi kowane kara tana tsiyaya romon a tsakiyar ganye, don tururuwa su biyo ƙamshi su cinye tsutsar.

Mu kuwa muka koma cin tuwon nsima gaya.

"Inna, a gidan nan tururuwa ta fi ni gata," in ji Kawu Fanuwel.

"Ita aiki take yi," Kaka ta ce. "In za ka ci tsutsa, kai ma a zuba maka."

Washegari na tarar da shi tsugune a kunyar masarar da ke bayan ɗaki, da tuwo a aljihu, yana dangwalar romo daga kara zuwa kara. Tururuwa sun cika masa gemu, yana ture su yana cewa su bi layi. Ni ma yunwar nake ji, amma ban matsa ba.

Lokacin girbi gona ta yi kyau, ban da kunyar nan, wadda tsutsa ta bar ta kara zalla. Kaka ta nuna ta da sanda.

"Fanuwel, ga rabonka na bana."

Kawu ya daɗe yana duban karan. Ya ce laifin tururuwa ne, ba su da haƙuri.