Kifin Dominga a Hanyar Dorina

A tsibirinmu na Orango mace ce ke neman aure. Ta dafa kifi da manja ta kai wa namiji, in ya kai loma baki, magana ta ƙare. Yayata Dominga ta daɗe tana jan ƙafa, sai da muka ji za a tura wanda take so, Okante, mai gadin gandun daji, wani tsibiri mai nisa tsaron ƙwan kunkurun ruwa. Da ruwan teku ya cika, jirginsa zai tashi.

Na ce, "Yaya, ta tsibirin Bubake fa zai biya. Kin san matan can ba sa wasa da tukunya!"

Ban taɓa ganin an dafa kifi da sauri haka ba. Ta ɗora kwano a ka, muka yanki hanyar tafki a guje, ni har tsalle nake don murna.

Muna shan kwana muka yi turus. Wata ƙatuwar dorina ta baje a kan hanya, ɗanta a gefe. Hagu laka, dama laka. Dokar gandu kuwa, a gaban dorina ba ihu ba jifa, ko tari ya zo maka sai ka haɗiye abinka.

"Baiwar Allah," Dominga ta raɗa, idonta ya kawo ruwa, "ke kin samu naki, ki bar ni in samu nawa mana."

Dorina ko kunne ba ta kaɗa ba.

Can sai ga Okante ta ɗaya ɓangaren, ya kawo wani Bature kallon dorina kafin ya tafi. Okante ya hango kwanon. Wallahi na ga lokacin da maƙogwaronsa ya motsa! Ya ɗora yatsa a leɓe alamar kar mu yi magana, ya faɗa laka har cinya, ya zagayo a hankali, Baturen na biye da shi kamar jela.

Dominga ta buɗe kwano. Baturen ya zaci abincin rana ne, ya yi murmushi ya miƙo hannu. Na make hannun tun kafin ya jawo mana surukin da ba mu nema ba.

Okante ya gutsuri kifi ya kai baki. Ihun da ke cikina kamar ya fasa ni, amma ba dama.

Ya sunkuyo kusa da kunnenta ya ce, "Kin san tun yaushe nake wucewa ta ƙofarku da yunwa?"