Cukun Ranar Kare Digiri

Smaranda ta ƙarar da shekarun ƙuruciyarta a jami'a tana binciken yadda za a rage asarar wutar lantarki a ƙauyukan kan duwatsu. Ranar kare digirinta a birnin Iași na ƙasar Romaniya, ita ta shirya wa malaman da za su yi mata tambayoyi tebur, kamar yadda aka saba: burodi, nama da cuku.

Tana bayani, suna tauna. Ko a jikinta. Tun da aka binne babanta ba ta jin komai.

Da ta gama, Farfesa Vasilache, masanin abinci, ya ɗaga hannu, baki cike.

"'Yata, tambayata ɗaya ce. Wa ya yi cukun nan? A ƙaro mana!"

"Babana ne, Farfesa," ta ce. "Na ƙarshen da ya yi ke nan."