Fari da Kore a Gefen Shafi

Mu'azzam ya karanta ilimin kwamfuta a jami'a, kuma kawunsa Alhaji Daudu ne ya tsaya masa har wata ƙungiyar dillalan hatsi ta Kazaure da kewaye ta ba shi aikin kula da shafinta na intanet. Sharaɗin kawun ɗaya ne: ranar da aka ji ƙorafi, aikin ya koma hannun ɗan wani.

A gefen shafin akwai akwatuna takwas a jere, kowanne da hoton shugaban reshe da lambar wayarsa. Mu'azzam ya ga suna cakuɗewa a ido, sai ya rubuta wa kwamfuta umarni layi ɗaya tak: na farko fari, na biyu kore, haka har ƙasa. Ya daɗe yana kallon aikinsa yana murmushi.

Bayan kwana biyu shugaban reshen Roni, Malam Muhammadu Lawal, ya hau mashin ya zo har shago. Ya ce shekararsa ashirin a ƙungiya, an bar shi fari fat kamar bango, alhali na Gwiwa, wanda aka raɗa wa suna a gabansa, an lulluɓe shi da kore. Mu'azzam ya durƙusa ya yi bayanin cewa kwamfuta ƙirga kawai take yi, akwati na uku dole fari ne, ba ta san kowa ba.

"To wa ya gaya mata ni ne na uku?" in ji Malam.

Don a zauna lafiya, Mu'azzam ya ƙara akwatin sanarwa a saman jerin. Kowa ya sauka mataki ɗaya, Roni ta yi kore. Sai dai duk wanda ya kwana kore ya wayi gari fari. Kafin azahar Gwiwa da Babura sun turo wakilai su ji laifin da shugabanninsu suka yi aka tuɓe su.

Aka yi zama a zauren Alhaji Daudu, shugaban reshen Kazaure. Wani ya ce a mai da kowa kore, aka tambaye shi ko yana nufin shi da Alhaji ɗaya ne. Ya janye. Daga ƙarshe aka kafa kwamitin mutum biyar da zai riƙa tantance launin kowa duk wata.

"Goge layin nan naka," in ji kawun. "Kwamfuta ba ta san babba ba. Daga yau ɗai-ɗai za ka riƙa shafawa, yadda aka ce maka."

Mu'azzam bai rasa aikinsa ba, ƙarin girma ma ya samu. Yanzu shi ne magatakardan kwamitin, yana zama a bakin tabarma da kwamfuta a cinya, yana jiran a gama gaisawa.