Fil ɗin Lamba Bakwai

Shekara goma sha ɗaya ina sa wa manyan motoci giris a wata warsha, wato garejin gyara, a unguwar Sulay can ƙasar Larabawa, sai rana tsaka mudir, manajanmu, ya kira mu ni da Harouna ya ce aiki ya ragu, mutum ɗaya kawai zai sabunta wa iƙama, takardar izinin zama, a ƙarshen wata. Ɗayan kuma gida. Ya faɗa yana danna waya, ko kallonmu bai yi ba.

Ni ban damu ba, don na san hannuna. Harouna mutumin Maraɗi ne, na girme shi da shekara shida, ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Mutumin kirki ne, amma wajen aiki sai dai a ce Allah ya kyauta. Tun da kamfani ya sayo bindigar giris mai batir ya rungume ta kamar amarya. Ya danna ta yi zuuu, giris ya cika ya tumbatsa yana zuba, shi kuma yana murmushi. Kafin azahar yashi ya manne a jiki, mota ta koma kamar an yaɓa mata kunun gyaɗa.

Ni kuwa tawa ta hannu ce, mai mariƙi, tun zuwana nake da ita. Ina matsawa ina jin yadda giris ke shiga a tafin hannuna, in ya isa in tsaya, in goge bakin shigar giris ɗin da tsumma tas. Wannan shi ne aiki. Na faɗa wa Harouna ya fi sau ɗari, na faɗa wa direbobi, har mudir na taɓa jawowa na nuna masa ƙazantar.

Mun raba kowace mota biyu: shi ƙasa da gindin hannun motar, ni tsakiya zuwa sama. A boklen lamba bakwai, wato babbar motar haƙa, akwai wani fil, ƙarfen da ke riƙe gaɓa, can saman hannun wanda sai na hau na miƙe nake laluben bakinsa, ba na ganinsa. Wata Asabar na sauko sai na tarar da Harouna a tsaye yana sosa ƙeya.

"Yaya Dabo, da ka ari tawa ka gwada a wancan na saman. Tana da ƙarfi."

"Ƙarfin me? Dambe za ni?"

Ya yi dariya ya wuce. Bayan kwana huɗu ya sake cewa ko in huta ya hau mini. Na ce ƙafata ba ta karye ba tukuna. Karo na uku cewa ya yi ya ga ana sayar da sabon bakin bindiga a shagon wani Bangali, mai kyau, ko ya sayo mini? Nan raina ya ɓaci sosai. Mutumin da ke wanka da giris shi ne zai zaɓa mini kayan aiki? Na ce ya ji da nasa, ban ƙara kula shi ba sai da yamma.

Ana saura kwana tara wata ya ƙare lamba bakwai ta fara kuka a wurin aiki, kafin a ankara hannun ya ƙage. Aka ɗauko ta a tirela. Mudir ya zagaya ta sau ɗaya, ya dangwali giris ɗin Harouna mai yashi, ya murza a yatsa, ya nuna mini.

"Maganarka gaskiya ce, ya Dabo. Yashi ya ci ƙarfen."

Na gyaɗa kai. Har ga Allah haka na ɗauka, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Harouna da ke tsaye a gefe ya ɗauki bindigarsa ya koma bakin aiki.

Sai da aka kwana uku sabbin kaya suka iso, makanikai suka buge fil ɗin da guduma ya fito. Ina wurin. Na saman ne, nawa. A bushe ƙarau, ja da tsatsa, babu giris balle yashi. Na hau na duba bakin, ashe ya toshe tun tuni. Na duba bindigata, bakinta ya saki. Duk matsawar da nake yi giris ta gefe yake fita, ni kuma ina bi da tsumma ina gogewa ina yaba wa kaina.

Na tafi ofis da fil ɗin a hannu, na ajiye wa mudir a kan tebur, na ce laifina ne. Ya kalli fil, ya kalle ni, ya ce in ɗauke kada in ɓata masa takardu. Ya ce halas, magana ta ƙare, tun shekaranjiya aka fitar wa Harouna takardar fita daga ƙasar, tikiti ma an yanka. Na yi magana har Larabcina ya ƙare na koma Hausa, bai canza ba.

A ɗaki na tarar da Harouna yana ɗaure jaka da igiya. Na ce ashe ya sani.

"Na gani tun watan jiya. Giris na gangarowa ta bayan hannun."

"To me ya hana ka buɗe baki ka ce, Dabo, bakin nan ya toshe? Kalma nawa ce?"

"Haba Yaya. Gaban direbobi zan ce ba ka iya ba? Ai na gaya maka sau uku."

"Da mudir ya ɗora maka fa?"

Ya ja igiyar ya ƙulle. "Kana tsaye a wurin. Ta yaya zan nuna ka?"

Na zage shi, na ce wannan ba kara ba ce, sakarci ne, yana da 'ya'ya bakwai a Maraɗi. Ya ce haka ne. Takaici ya ishe ni har na rasa inda zan sa kaina, don na san ko da ya faɗa mini kai tsaye, zaginsa zan yi in ci gaba da gogewa.

Ranar Laraba na raka shi filin jirgin Sarki Khalid. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa in ya taɓa ɓata mini rai.