Garejin Mota Ɗaya

Gidan da Injiniya Maitama da matarsa Hajiya Sailuba suka saya a garin Germantown, can ƙasar Turawa, garejinsa na mota ɗaya ne, su kuwa motocinsu biyu. Ba a taɓa zama shawara kan wadda za ta kwana a ciki ba. Ranar da suka tare, Maitama ya shigar da baƙar jif ɗinsa ya sauke ƙofa, magana ta ƙare. Ƙaramar motar Sailuba aka bar wa bakin titi.

Lokacin zafi abin bai dame ta ba. Da hunturu kuwa, kullum kafin ta tafi kantin maganin da take aiki a Gaithersburg sai ta tsaya a waje tana kankare ƙanƙara daga gilashi, yatsunta na zugi. Bana likita ya ce sanyin ƙashi ne ya kama hannuwan, don haka ta ƙudurta a ranta cewa wannan hunturun motarta ce za ta kwana a ɗaki.

Roƙo ba zai yi ba, ta sha gwadawa. Maitama yana riritar jif ɗin nan kamar yadda ya ga mahaifinsa yana riritar Fijonsa a Zariya. Da ya dawo aiki sai bokiti da tsumma, ya goge bodi har ya ga fuskarsa, ya lulluɓe ta da tamfol. Da ya zo ƙasar sanyi sai ya ƙara da hita mai ɗumama garejin, wai kada inji ya sha wahalar tashi. Hujjarsa ɗaya: kowa ya san mota mai kwana a gareji ta fi daɗewa.

Sailuba kuwa duk maganar da aka ce kowa ya sani, ita take fara ɗaga wa murfi. Ita ke share garejin, kuma ta daɗe tana ganin wani jan ruwa a daɓe duk safiyar da aka zuba gishiri a titi don narkar da dusar ƙanƙara. A kicin ma ta san gishiri busasshe ba ya cin murfin gwangwani, sai ya jiƙe. A can ƙasarsu ta haihuwa daga sama abokin gabar mota ke zuwa, rana ce da ruwa. A nan daga ƙasa yake tasowa, inda tsumman Injiniya bai taɓa leƙawa ba.

Ba ta ja shi da gardama ba. Wata Asabar ta marairaice ta ce tana tsoron kwanan waje ya cinye ƙarƙashin motarta, ko zai raka ta wajen Bot a duba. Bot mutumin Jos ne, mai wurin gyaran mota, a hannunsa rabin Hausawan yankin ke canja mai. Maitama ya miƙe da saurinsa, don akwai shi da son ranar da za a ce ai ya faɗa.

Aka ɗaga motar Sailuba sama. Bot ya haska tocila, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya ce tsatsa ce sama-sama, irin wadda ba a rasa ba. Sailuba ta yi hamdala, sannan ta ce tunda an zo, a ɗaga jif ɗin Baban Afnan mana, ta ga yadda ƙarƙashin motar da ta ji gata yake.

Jif ta hau sama tana ƙyalli. Maitama ya shiga ƙarƙashinta yana murmushi, murmushin bai fito tare da shi ba. Salansa ta yi ja kamar an tsoma ta a manja, bututun birki ya yi ƙuraje, ya taɓa wani ƙarfe ɓawo ya zubo masa a hula. Bot ya buɗe baki, Maitama ya ɗaga masa hannu. Shi da kansa ya jero bayanin: dusar da ke maƙalewa a ƙasa cike take da gishiri, a waje daskarewa take yi ta yi barci, a ɗumin gareji kuwa narkewa take yi ta kwana tana cin ƙarfe, tamfol kuma ya hana danshin fita.

"Ashe jiƙa ta nake yi a ruwan gishiri, har da hura mata wuta," in ji shi.

Bot ya ce abin bai kai ga ƙashi ba. Za a kankare, a canja bututun, a fesa wa motocin biyu man hana tsatsa, kuma duk bayan dusa a kai su inda ake wanke ƙarƙashi. Maitama ya ce to sai ya cire hita kawai. Bot ya ce hakan zai rage, amma garejin da ke manne da gida ɗumin gidan yake sha, kuma jif ɗin da ta riga ta kamu gara ta kwana a sanyi.

A gida Maitama ya tsaya a ƙofar garejin yana jujjuya rimot ɗin buɗe ta. Can ya dubi Sailuba ta gefen ido.

"Hajiya, ita taki ba ƙarfe ba ce? Idan ta shiga ɗumin fa?"

"Ƙarfe ce, Baban Afnan. Idan ya lalace akwai wani a kasuwa. Yatsu ne ban ga inda ake sayarwa ba."

Ya dubi hannuwan da ta miƙo, gaɓoɓin sun kumbura. Sai dariya ta ƙwace masa. Ya ce wato tun daga gida ta san abin da za a gani, ta bar shi ya tuƙa kansa zuwa kotu. Ta ce ita dai rakiya ta roƙa.

Ya danƙa mata rimot. Da yake ba ta taɓa shiga garejin da mota ba, sai da ta yi ta gaba da baya, shi kuma yana tsaye a gefe yana kaɗa hannu kamar ɗan kamasho, yana cewa ta karya dama, kada ta goge masa bango.