Rigunan da Muka Ɓoye wa Auta

Ni na kafa dokar, ba na musu. Ranar da ƙanwata Auta za ta dawo shagon ɗinkinmu, na tara ma'aikatana biyu, Doguwa da Mai Guga, na ce, "Duk wadda ta bari Auta ta ga rigar jariri a shagon nan, ni da ita ne."

Wata biyu ke nan da faruwar abin. Cikinta na wata biyar, tana kan keke tana saka zif, sai faya ta fashe, ruwa har kan matakin keken. Kwana huɗu ta yi a asibiti, likitoci suka yi iya yinsu, yaron bai zauna ba. Na yi kuka har idona ya kumbura. Yanzu da ƙyar muka lallabo ta daga ɗaki, tsorona kada ta yi ido biyu da ƙananan kaya ta tashi ta bar keken har abada.

To, rabin aikinmu kayan jarirai ne, kuma Auta ce gwanarsu. Muka tura mata labule da kalmasar wanduna, muka tusa sauran a kwali ƙarƙashin teburin guga. In mai ciki ta doso, ni ce a bakin ƙofa da fara'a har kunne, a waje za mu gama magana. Rannan Auta ta juyo ba zato, Mai Guga ta yi wuf ta zauna a kan hular jariri. Awa guda matar nan tana dafe da kujera, wai ƙafarta ce ta riƙe.

Ɗinkin kayan jariran kuwa Doguwa na damƙa wa, baiwar Allah da tunda take labule kawai ta iya. A ɗakin ajiya take yi, da sauri, kamar mai sata.

Sati biyu muna wannan fama. Ran nan ina cikin bayi, sai wata dattijuwa ta shigo kai tsaye, ta zaro rigar jikanta daga leda ta ɗaga sama, a gaban Auta. Na fito na tarar da su haka.

"Ku dubi wuyan nan," in ji dattijuwar. "Yaron ta nan ya zurare gaba ɗaya!"

Auta ta karɓa, ta juya ta, ta gwada hannun dama da na hagu. Ɗaya ya fi ɗaya da kusan yatsa uku. Kafaɗunta suka fara rawa, na ce shi ke nan, an gama da ni. Ashe dariya ce. Ta yi ta har da dukan teburi, har hawaye.

"Wa ya yi wannan ta'asar? Doguwa, sandar labule za a zura a ciki?"

"Ni dai umarni na bi," in ji Doguwa, tana nuna ni da baki.

Auta ta share ido. "Yaya, kun ɗauka makauniya ce ni? Ina kallonku tun ranar farko. Na bari ne in ga iya gudun ruwanku." Ta ce wa dattijuwar, "Mama, yi haƙuri, gobe ki aiko a karɓa."

Da matar ta fita, Auta ta buɗe jakarta ta shimfiɗa wasu riguna uku a teburin yanka. Ban taɓa ganin irinsu ba, kowace ba ta fi tafin hannuna ba. Ta gefe ake buɗe su, babu maɓalli ko ɗaya. Na dube ta a tsorace.

"Kwantar da hankalinki, lafiyata ƙalau," ta ce. "Da yaron ya zo, nas ta duba ko'ina, babu abin da ya yi masa daidai. A guntun tawul aka naɗe shi. Ni tela, ɗana ya tafi ba riga." Ta gyara wuyan ɗaya da yatsa. "Akwai irinsa a ɗakin kwalba na bakwaini a asibiti, da yawa suna rayuwa. Nas ta ce in kawo ashirin. Ni kaɗai ba zan iya ba, ku kuma kun shagala da wasan ɓuya."

Mai Guga ta jawo kwalin ƙyallaye tana jan hanci. Doguwa ta miƙa hannu, muka ce mata a tare, "Ke dai zare za ki riƙa tsinkewa!"

Na ɗauki almakashi da tef. Na ce, "To faɗa min awonsa."

Ta tsaya ta dube ni, fuskarta ta washe.

"Kin san ke ce ta farko da ta tambaye ni yadda yake? Inci goma sha ɗaya, Yaya. Yatsunsa dogaye. Kuma Allah sarki yaro, hancinki ne da shi sak."