Karan Awon Yasin

Wakili, mai butik ɗin kayan moto na bakin tashar Magariya, shi ya kashe Yasin. Haka Ƙande ta faɗa ranar da aka kawo gawar, haka ta faɗa ranar sadakar uku, kuma har yau ba ta janye ko kalma ɗaya ba. Liman ya ce ta yi istigfari, kwana ne ya ƙare. Ta ce ta san kwana na ƙarewa, amma na ɗanta da maganar wani ya ƙare, kuma ta san mai maganar, ta san inda yake zama.

Yasin autanta ne, shi kaɗai namijin da ya rage mata a gida. Kabu-kabu yake yi, yana ɗaukar mutane da buhunansu a moto, wato babur, daga ƙauyensu na kusa da Guci zuwa kasuwar Mallawa. Da kaka ta kama, farantin ƙafar baya na moton, wannan mai haƙora da sarƙa ke hawa, ya cinye, haƙoran suka yi tsini kamar ƙayar aduwa. Babu irinsa a Guci. Ga shi aiki ya buɗe, kowa na son a kai masa wake kasuwa, Yasin ba shi da ranar da zai ɓata a hanyar Magariya. Ƙande kuwa tana zuwa can ranar kasuwa da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

"Inna, ki sayo mini mana," in ji shi.

"To ciro tsohon in tafi da shi, su gani."

"In na ciro, a kan me zan yi aikin yau? A bayanki?"

"Bayan nan dai ka hau shi har ya gaji da kai, marar kunya."

Sai ta yi abin da ta saba tun yana tatata. A wajensu, in sallah ta matso ba a jan yaro zuwa kasuwa. A tsayar da shi a ƙasa, a karya kara daidai tsawon ƙafarsa, a kai wa mai takalma. Haka ta saya wa ƴaƴanta duka, ba wanda takalmi ya taɓa matsewa. Ta zaro sillin kara daga dangar gidan, ta durƙusa a gindin moton, ta aza shi bisa faɗin farantin, ta karya ƙas. Yasin na dariya har da riƙe ciki. Matarsa Hannatu, da ƴarsu Rumaisa a goye, ta leƙo daga madafa ta ce, "Inna, ki ce a ba ki ja, na sallah."

Wakili ma dariyar ya yi da ta kwance bakin zanenta ta fito da karan.

"Iya, takalmi kika zo saye?"

"Kai dai auna, ɗan nan."

Ya miƙa hannu ya sauko da wani cikin leda mai rubuce-rubuce, ya aza karan a kai. Ya zauna cif, ba ragi ba ƙari. "Kin gani? Orijinal ne. Kowane moto yana shiga." Bai tambaye ta markar moton ba, wato ko wane iri ne. Da ya tambaya, ga salula a ƙugunta, da ta miƙa masa ya kira Yasin. Amma akwai mutane a bayanta, kuma hannunsa ya riga ya miƙo don karɓar kuɗi.

A gida, Modu makanike ya kwance ƙafar moton a gindin bishiyar bedi ya gwada. Faɗi daidai, haƙora daidai. Amma ramukan nan huɗu da noti ke shiga, biyu sun hau, biyu sun kauce da kamar faɗin ƙwayar wake. Modu ya juya shi, ya sake juyawa, ya goge hannu a riga.

"Inna Ƙande, wannan na wani moton ne. Mayar musu."

Kasuwa ta zagayo ta mayar. Wakili ko taɓa farantin bai yi ba, da haɓa ya nuna shi.

"An yage leda. Ga baƙin mai a jiki. Wa zai saya? Ina faktir ɗinki ma?"

"Ka ba ni wata takarda ne?"

"Kin tambaya?"

Ta ɗaga murya har masu jiran mota suka waiwayo. Nan ya sassauto, ya yi mata irin muryar da ake yi wa tsofaffi. "Iya, abin nan ba na faɗa ba ne. Ki ce wa makanikenku ya sa magagari ya ɗan buɗa ramin. Kaɗan kawai. Kowa haka yake yi."

Wannan maganar ta ɗauko ta taho da ita tun daga Magariya, tana maimaitawa a cikin mota don kada ta zubar da wani abu a hanya. Modu ya ƙi. Ya ce ramin na kusa da baki, in an goge ƙarfen zai yi siriri. Yasin ya tsaya yana sosa ƙeya, tsohon farantin ya fara zubar da sarƙa, mutane kuma sun fara hawa moton wasu. Ƙande ce ta tsaya a kansu, hannu a ƙugu.

"Mai kayan da bakinsa ya ce a goga. Kai Modu, ka fi mai kayan sani ne? Goga!"

Modu ya goga. Hannatu na daka a tsakar gida, ta ji komai.

Ba a daɗe ba, wata ranar kasuwar Mallawa da hantsi, Yasin na tafe da buhun wake biyu a baya, a wata gangara mai tsakuwa, ƙarfen nan da aka sirantar ya yage. Farantin ya karkace, sarƙa ta faɗa ta cije ƙafar baya. Waɗanda ke noma kusa sun ce ƙara ɗaya suka ji. A wuya ya faɗi. Suka aza shi a amalanke za su kai shi likita, ba su yi nisa ba suka juyo da shanun suka nufo gida.

Ƙande ba ta yi kuka ba da aka shigo da shi. Ba ta yi ba da aka yi masa wanka. Sai da maza suka shigo neman karan da za su auna tsawonsa su kai wa masu haƙa kabari, wani ya sa hannu a dangar nan, a daidai gurbin da ta zari nata, ya zaro dogo. Ta ga an shimfiɗa shi a gefen ɗanta, an karya ƙas. A nan ta zube ƙasa.

Hannatu ta shiga takaba. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa faɗa wa surukarta baƙar magana ba. Tana durƙusawa ta gaishe ta da safe, tana ajiye mata kunu. Amma ta daina kallon fuskarta. In Rumaisa ta rarrafo wajen kakarta, sai ta taso a hankali ta ɗauke ta, ta ce za ta ba ta nono. Wata rana gwaggon Hannatu ta zo daga Mallawa, Ƙande na bayan ɗaki tana shanya gyaɗa, ta ji tana tambaya ƙasa-ƙasa yadda abin ya faru. Ta ji Hannatu ta ce, "Modu ya ƙi. Inna ce ta ce a goga."

Gaskiya ne, ita Ƙande ta ce a goga. Amma daga ina ta ɗauko? Ita da ba ta san gaban moto da bayansa ba? Gwaggon ta bar saƙo cewa da an fita takaba za a zo a tafi da Hannatu gidan ubanta, da yarinyar. Ƙande ta san abin da zai biyo baya. Rumaisa za ta girma a Mallawa, wata rana ta tambayi abin da ya kashe ubanta, a ba ta amsar nan guda, ba ƙarya a ciki. Wannan ne ya hana ta cin abinci. Ba diyya take so ba, ba ta son a ɗaure kowa. So take mai maganar ya zo gaban Hannatu ya karɓi maganarsa. Mai takaba kuwa ba ta zuwa kasuwa, don haka shi ne zai zo.

Ta je wajen mai gari, ya ce haƙuri. Modu ya ga akwai nimeron waya a jikin ledar, ya ce na kamfanin ne, an sa don masu kawo kuka. Ya kira mata. Wata mace ta yi ta zuba cikin wani yare, ko numfashi ba ta yi, Ƙande na cewa "Baiwar Allah, tsaya ki ji," ba ta tsaya ba. Daga nan aka sa musu kiɗa. Suka zauna a gindin bedi suna sauraren kiɗa har kiredin Modu ya ƙare.

Da takabar ta kusa ƙarewa, Ƙande ta naɗe yagaggen farantin a tsumma, ta ɗauki guntun karanta, wanda ta soke a jinkar ɗaki tun ranar farko, ta hau motar Magariya. Ba ta ɗauki man gyaɗa ba.

Butik ɗin cike. Ta ratsa samarin kabu-kabu, ta kwance tsumman, ta sauke ƙarfen bisa teburin, ƙwal.

"Ka gane shi?"

Wakili ya duba, ya dube ta. "Iya, lafiya?"

"Lafiya ta ƙare. Wanda na saya wa wannan yana ƙarƙashin ƙasa."

Wakili ya cire hula ya mayar. "Inna lillahi. Allah ya ji ƙansa. Allah ya ba ki haƙuri, Iya." Ya ɗauki farantin yana juyawa, ya sa yatsa a ramin da ya yage. "Wace marka ce moton nasa?"

Yanzu ta san sunan, Modu ya faɗa mata, ta riƙe shi kamar sunan jika. Ta faɗa.

"Af! Ai ba wannan ba ne nasa." Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya jawo wani kwali, ya fito da wani farantin cikin ledarsa. "Ga nasa nan. Riƙe, Iya, na ba ki. Ko sayar da moton za ku yi, zai fi daraja."

Ƙande ta karɓa. Ta aza karan a kai. Ya zauna cif. Ta aza a kan yagaggen. Cif. Karan bai yi mata ƙarya ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Ta jera su biyu, ta ga yadda ramukan sabon suka matsa ciki da faɗin ƙwayar wake.

"Ranar da na zo da karan nan, wannan yana nan?"

Wakili ya sa ƙafa ya tura kwalin ciki.

"Ranar da na dawo ina roƙonka ka canza, yana ƙarƙashin teburin nan? Kusa da gwiwarka?"

"Iya, kaya na shiga suna fita..."

"Kwalin nan ya fi shekara a nan," in ji wani saurayi daga baya. "Ni ma a ciki aka ba ni nawa."

"Kai, wa ya sa da kai?" Wakili ya juyo gare ta. "Ki ji, Iya. Ni ma sarowa nake daga tsallaken iyaka, ba ni ke ƙera su ba. Maganar gogewa kuma, wallahi ban tuna ba. Mutum nawa nake gani a rana?"

"Kai ba ka tuna ba. Ni da ita nake kwana, da ita nake tashi. 'Kaɗan kawai, kowa haka yake yi.' Ka zuba mini a kunne, na ɗauka kamar abin arziki, na kai gida na tsaya a kan ɗana har aka yi. Tambayar da ka yi mini yanzun nan, da ka yi ta ranar, me za ta rage ka?"

Ta tura masa sabon farantin har ya bugi cikinsa. Ta ɗauki yagaggen da karanta, ta je bakin ƙofa, ta gyara zane, ta zauna daram a tsakiya, ta miƙe ƙafafu. Mai shiga ba hanya, mai fita ba hanya. Sai a lokacin hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Iya, don Allah tashi. Kina kashe mini kasuwa."

"Kasuwa ce, gobe ma za ta ci. Riƙe kyautarka, ba wanda zai hau. Akwai yarinya a gidana da ba ta iya kallon fuskata, akwai jikata da za a tafi da ita da sunana a bakin mutane. Ka sa makulli a butik ɗin nan, Wakili. Ga motar Guci can tana lodi. Ka biyo ni, ka tsaya a ƙofar ɗakin Hannatu, ka faɗa mata da bakin nan naka wanda ya ce a goga."